Yadda Na Kulle Muryar Babana

Duk wanda ya ji na taɓa zama a Dubai sai ya gyara zama, yana jira in ba shi labarin dogayen benaye da motoci. Ni kuwa da an ambaci garin nan abin da ke faɗo min a rai wata 'yar kwamfuta ce da ke kan durowa a ɗakin mahaifiyata a Gyadi-Gyadi, wadda girmanta bai wuce na kwanon sha ba. Daga kanta zan fara, in ba haka ba ba za a gane abin da tafiyar ta ci min ba.

Babanmu tela ne. Tun ina rarrafe ya tafi Jidda neman na kansa, ya daɗe a can. Shi ba mai son rubutu ba ne, don haka kaset yake cika wa Inna da magana, ya ba alhazai masu dawowa su kawo mata. Ya dawo gida ya yi 'yan shekaru, Allah ya yi masa rasuwa ina sakandare. Kaset ɗin nan su suka rage mata. Kullum bayan la'asar sai ta tura ƙofa ta kunna rikoda, mu kuma mun san ba a shiga. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, balle a ce na zauna ina jin abin da mijinta ke gaya mata.

Da na girma na koyi haɗa netiwok, na buɗe ɗan shago a Tarauni. Ina ja wa makarantu da ofisoshi waya, in saka musu waifai, in kula da kwamfutocinsu. Manhajar da nake aiki da ita irin ta kyauta ce, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya duba yadda aka rubuta ta, kuma na cika mutane da wa'azi a kanta har abokai suka koma kirana da sunanta, Malam Linux. Da kaset ɗin Inna suka fara tsinkewa, rikoda tana cinye zaren, sai na ce ta ba ni in juye su cikin kwamfuta. Ta yi ta ja min rai. Daga ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗi.

"Kada kowa ya ji. Har kai."

Na kashe sautin na juye su kaf, ina kallon muryar babana tana hawa da sauka a fuskar kwamfuta. Na zuba su a 'yar kwamfutar nan, na haɗa ta da waifai na gida yadda Inna za ta danna hoto ɗaya a wayarta murya ta fito. Amma muryar ba ta sauka cikin wayar, don waya ana sace ta, ana kai ta gyara. Sannan na kulle faifan ajiyar kwamfutar gaba ɗaya, irin kullewar da ko ɓarawo ya ɗauke ta ba abin da zai samu sai shirme. Mukullin ba kalma ba ce da mutum zai haddace, wani dogon fayil ne a cikin laftof ɗina, da kwafinsa a filashi. Illar tsarin ita ce duk lokacin da kwamfutar ta mutu ta tashi, sai na buɗe ta da mukullin kafin ta yi magana. Na saka mata sola da batir, na kuma tsara yadda zan buɗe ta daga ko'ina nake a duniya. Inna ta raɗa mata suna akwatin Malam, don Malam take kiran babanmu.

Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba. Zangon farko dai na tsinci kaina a Deira, unguwar 'yan kasuwa ta Dubai, ina neman adireshin da wani ejan ya ba ni a Legas, wai kamfani ne ke neman mai kula da kwamfutocinsa. Na isa na tarar da shagon labule. Mai shagon ya saurare ni har na gama, ya dube ni da tausayi, ya ce ba ni ne na farko ba. Lambar ejan kuwa daga ranar ba ta sake shiga ba. Ni da nake tara ma'aikatan ofis ina koya musu yadda ake gane saƙon 'yan damfara, ga ni tsaye tsakanin labulaye da bizar yawon buɗe ido. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa a gida. Na ce musu na sauka lafiya, aiki sai godiya.

Masaukin da na samu gado ne, ba ɗaki ba. Gadaje masu hawa-hawa an jera su, kowa ya rataya zani ya zama bangonsa. Akwai 'yan Pakistan, akwai 'yan Uganda, akwai wani ɗan Nepal da ban taɓa ganinsa a farke ba. Ina kwance a gadon sama ina tunanin abin da ya fito da ni daga shagona, sai na ji wani a ƙasa yana waya yana cewa, "Dalla rabu da ni, ka cika surutu." Na leƙo da sauri har na buge kai da silin. Ibo ne, sunansa Chinedu, haifaffen Unguwa Uku, babansa na sayar da kayan gyaran mota. Hausarsa ta fi tawa gishiri.

"Ɗan ina?" ya tambaye ni.

"Gyadi-Gyadi."

"Ashe maƙwabci ne. Wa ya wanke ka, na Legas ko na Abuja?"

Shi ya nuna min inda ake cin abinci mai arha, ya samo min layin waya, ya koya min in riƙa kwana da jakata a ƙarƙashin kai. In kewar gida ta dame mu sai mu hau gardama kan wane mai gurasa ne ya fi iya ƙuli tsakanin Unguwa Uku da Tarauni, mu yi ta yi kamar za mu daku, alhali duk yunwa ce.

A kan gadon nan na fara buɗe akwatin Inna daga nesa. Ƙanwata Rabi, wadda ita ke tare da Inna a gida, ta turo saƙo cewa batir ya ƙare, akwati ya tashi amma ya yi shiru. Na ɗora laftof a cinya, na shiga, na miƙa masa mukulli. Jim kaɗan Rabi ta rubuto cewa Inna ta tura ƙofa. Wallahi ranar ban damu da yunwa ba. Duk abin da garin nan ya yi min, ga wani abu ɗaya da hannuna ke kaiwa har gida. Chinedu ya miƙe yana kallon abin da nake yi, na yi masa bayani ina ɗaga kafaɗa.

"Wato tsohuwa sai ta jira ka kafin ta ji mijinta?" ya ce. "In ka mutu fa?"

Na ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi, ai akwai kwafi a filashi. Ba a daɗe ba aka ɗauke 'yar jakar da nake ajiye caja da filashin, ranar da na shiga wanka na manta ta a kan gado. Na yi tsaki na ce zan sake wani kwafin in na samu natsuwa.

Zango na biyu shi ne aikin jan waya. Chinedu ya haɗa ni da wani dattijo ɗan Indiya mai suna Bashir, wanda ke karɓar ƙananan kwangiloli a sababbin gine-gine. Aiki ne na rarrafe cikin silin, ƙura a hanci, zufa tana shiga ido, a ginin da ba a saka masa na'urar sanyaya ɗaki ba tukuna. Zafin Kano na watan azumi wasa ne. Ni da nake da shago da yara masu riƙe min tsani, na koma ni ke riƙe wa wani. Bashir ba ya iya faɗin sunana, Kano yake kirana. Da rana sai ya buɗe kwanonsa na shinkafa da kifi mai yaji, ya raba biyu da bayan cokali, ya turo min rabi ba tare da ya dube ni ba. In na ce na ƙoshi sai ya ce shi ma ya ƙoshi, ya rufe kwanon, har sai na ci. Da ya ga na san saita na'urori, ya daina tura ni silin, ya riƙa miƙo min kwamfutarsa.

Ina wannan aikin damina ta sauka a Kano. Rabi ta kira ni muryarta duk a dame. Ruwa ya shigo ɗakin kaya, kwalin da aka zuba kaset ɗin Baba ya kwana cikin taɓo, duk sun manne. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai komai na cikin akwati, kaset dama sun gama aikinsu. Haka na faɗa, ko a jikina.

"To Yaya, ka ba ni mukullin nan mana," in ji ta. "Yanzu hadari ba ya barin sola ta cika batir. Kwana kaɗan sai ya mutu, mu zauna jiranka. Wani lokacin kana wajen aiki har magariba ta yi."

"Ke da kike rubuta lambar katin banki a bayan kalanda?"

"Ai gara kalandar, tana nan a bango."

Na yi mata faɗa irin na yayye. Na ce mukulli in ya zauna kusa da ƙofa kullewar ba ta da amfani, na ce ba ta san komai game da tsaro ba, na ce ni na yi wa Inna alkawari. Ta ce to, Allah ya ba da haƙuri. Kafin ta kashe ta ce Inna na ƙorafin saƙon muryata gajere ne, wai kafin ta gyara zama na yi sallama, shi kuwa Malam sai ya cika gaba da bayan kaset. Na yi dariya na ce a gaya mata data na da tsada.

Zango na uku Sharja ne, garin da ke maƙwabtaka da Dubai. Bashir ya kai ni wajen wani kamfanin dillalan gidaje da ya taɓa ja musu waya, ya tsaya min. Manajan mutum ne mai fara'a da turare, ya ce in fara aiki, takardun zama suna tafe. Duk wata in na tambaya sai ya dafa kafaɗata ya ce suna tafe. Damuwarsa ɗaya ce. Dillalansa in za su bar aiki sai su tafi da lambobin masu sayen gidaje a wayoyinsu da kwamfutocinsu, su kai wa kamfanin da ke gaba. Ya tambaye ni ko akwai magani.

Nan fa aka zo fagena. Na zauna na gina masa tsari da manhajojin kyauta, ko sisi bai kashe ba. Duk na'urar da za ta hau netiwok ɗin ofis sai an yi mata rajista. Ranar da aka sallami mutum, a rufe shigarsa, a share jakarsa da ke babbar kwamfutar kamfani, sannan duk na'urar da ke ƙarƙashin sunansa ta goge kanta da kanta. Kuma ba irin gogewar da yaran kasuwar waya ke dawo da hotuna bayanta ba. Mukullin faifan take lalatawa, abin da ke ciki ya zama tarkace nan take. Na haɗe duk wannan a maɓalli ɗaya don ko wawa ya danna ba zai yi kuskure ba. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, har yau kuwa.

Kamfanin bai ba ni kwamfuta ba, da tawa nake aiki. Dokar da na kafa kuma ta ce na'urar da ba ta da rajista ba ta hawa netiwok, to sai na yi wa laftof ɗina rajista kamar ta kowa. Zan iya ware kaina, ni ke riƙe da komai. Amma na saba faɗa wa mutane cewa tsaron da aka ware wa mai tsaro ƙofa ba tsaro ba ne, kuma ina jin daɗin faɗar hakan. A lokacin ne na tuna ban sake kwafin mukullin Inna ba, sai na ajiye ɗaya a jakata da ke babbar kwamfutar kamfani. Na kuma cire jakar tawa daga kwafin ajiya da kamfani ke yi kullum, don kada wata rana wani ya bincika ya ga abin da ba nasa ba. Na ce yanzu hankalina ya kwanta, kwafi biyu a wuri biyu.

Bashir ya zo duba wata waya, na nuna masa tsarin ina jiran yabo. Ya yaba. Sai ya nuna laftof ɗina da haɓa.

"Wannan taka ce ko tasu?"

"Tawa."

"To me ya shigar da ita garkensu?"

Na ce da takarduna sun fito zan sa su saya min wata in cire ta. Ya ɗaga gira ya koma kan wayar da ya zo dubawa.

Da aiki ya kammala manaja ya kawo wani surukinsa, magidanci mai sanyin hali, ya ce in koya masa don ya riƙa taimaka min. Chinedu da na ba shi labari ya ce, "Malam, magajinka aka kawo ma." Na ce hassada ce ke damunsa. Na koya wa mutumin nan komai tsakani da Allah, har maɓallin sallama, na sa ya maimaita a gabana har ya iya.

Ranar da abin ya faru ina dawowa daga cin abincin rana saƙon Rabi ya shigo. An kwana ana ruwa a Kano, batir ya mutu, yanzu rana ta fito akwati ya tashi yana jirana. Na zauna a teburina, na buɗe laftof, na haɗu da akwatin, har ya tambaye ni mukulli. Sai sakatariya ta leƙo ta ce manaja na nemana yanzu-yanzu, maganar takarduna ce. Abin da ya rage min layi ɗaya ne in buga in danna. Amma zuciyata ta riga ta tafi wajen biza, na ce ai da sauran lokaci kafin la'asar ɗin Kano. Na miƙe na bar laftof a buɗe.

Maganar takardu ce kuwa. Ya ce sun duba sun ga ba za su iya yi min ba, kuma ci gaba da ajiye ni babu takardu haɗari ne gare su, saboda haka yau ce ranata ta ƙarshe. Ya yi ta yabona. Ni ina can ina haɗa abin da zan mayar masa, don raina ya gama ɓaci, sai na ga ya ɗaga ido ta gilashin ofis ya gyaɗa wa surukinsa kai. Ban san lokacin da na ture kujera na fita a guje ba.

Na tarar da fuskar laftof ɗina baƙa, da wani ɗan rubutu a sama yana cewa ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Surukin ya juyo yana murmushi, irin na ɗalibin da ya ci jarrabawa.

"Na yi daidai? Yadda ka koya min na yi."

Na ci kwalarsa. Na zage shi da Hausa, zagin da ban san na iya ba, mutumin da bai yi min komai ba sai bin abin da na koya masa. Aka ɓamɓare ni. Daga faɗa na koma roƙo, na ce wa manaja akwai abin mahaifiyata a jakata, don Allah ya bar ni in duba. Abin mamaki bai hana ba. Ya ce in zauna in duba duk abin da nake so. Na zauna gaban babbar kwamfutar ina buga umarni, alhali na san babu komai, don ni na tsara kada a samu komai. Jakar ta tafi. Ajiyar kamfani ba ta da ita. Kwafi biyun da nake taƙama da su ashe duk a jikin sunana ɗaya suke rataye.

Da na buga layin nan kafin in tashi, da akwatin ya buɗe. Ko da an goge laftof ɗin bayan nan, da na kira Rabi na ce ta ajiye wata wayar kusa da ta Inna ta naɗi komai kafin batir ya sake mutuwa. Na yi wannan lissafin sau ba adadi, a bas, a masallaci, a layin banɗaki.

Na kai wa Bashir laftof ɗin, ya ajiye aikinsa ya zauna da ni a ɗan shagonsa har yamma. Ya ciro faifan, ya gwada duk abin da ya sani, ya kira wani abokinsa ya gwada nasa. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya murza ido.

"Kano, wa ya rubuta wannan abin?"

"Ni."

"To ka fi ni sanin amsar."

Ya aika aka sayo shayi da burodi, ya zauna yana kallona har na ci.

Rabi na fara gaya wa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, da ma ta faɗa da na ji sauƙi. Ta ce, "Me zan ce wa Inna?" Na ce ta ce mata sai na dawo. Daga nan na koma jan waya da Bashir, na yi watanni ina cewa ina tara na jirgi. Gaskiyar ita ce tsoron komawa nake. In mun yi waya da Inna sai ta tambayi lafiyata da abin da nake ci, ba ta taɓa ambatar akwatin ba. Rabi ce ke gaya min har yanzu takan danna hoton nan a waya, ta jira, ta ajiye.

Chinedu ne ya gaji da ni. Wata Juma'a ya zauna a bakin gadona ya ce, "Malam, ka tattara ka tafi gida. Zamanka a nan ba zai buɗe komai ba. Tsohuwa ta rasa na cikin akwati, kai kuma ka maƙale a silin ɗin mutane." Shi da Bashir suka cika min abin da ya rage na tikiti. Bashir ya raka ni har tashar jirgin ƙasa, ya cusa min ƙullin dabino a aljihu, ya juya da sauri. Ban sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ban gode musu yadda ya kamata ba, don lokacin kaina ba ya tare da ni.

Na dawo Gyadi-Gyadi ba akwatin tsaraba. Kafin in huce gajiya na kwashi kaset ɗin na kai wa wani tsohon mai gyaran rediyo a Unguwar Gano. Ya wanke wanda zai wanku, ya shanya, ya naɗe. Muka kunna, babu komai sai huci kamar na ruwan sama a kan kwano. Abokaina na Tarauni masu ji da kansu suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce minti kaɗan ne, kowa ya tafi yana sosa ƙeya. Na rubuta tambaya a dandalin masu rubuta manhajar kullewar, mutanen da ban sani ba a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Suka amsa da wuri, da ladabi. Suka ce in babu mukulli babu hanya, da akwai hanya ai da manhajar ba ta da amfani. Ɗaya daga cikinsu ya ƙara da yi min ta'aziyyar babana.

Duk wannan kai-kawon Inna na kallona. Sai wata safiya ina zaune a tsakar gida ina haɗa kan waya, don na koma 'yan ayyukana, ita kuma tana kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba, ta yi magana.

"Maganar akwatin nan."

"Na'am, Inna."

"Rabi ta ce yana ciki."

"Yana ciki. Babu abin da ya goge."

"Amma ba zai fito ba."

Ta fitar da wata tsakuwa ta jefar.

"A can inda ka je, ko wajen Turawa, babu wanda ya fi ka sani da zai buɗe?"

"Babu, Inna. Ko waɗanda suka ƙirƙiro abin ba za su iya ba. Na kulle shi sosai."

Ta gyaɗa kai. "Ai dama ana ta faɗa min ka iya aiki."

Babu gatse a muryarta, shi ya sa maganar ta fi min zagi ciwo. Na sunkuyar da kai ina juya wayar a hannu. Na so in ba ta haƙuri, na rasa da wace kalma ake ba da haƙurin irin wannan.

"Maganganun duk ina da su a ka," ta ci gaba. "In ka tashe ni daga barci zan karanto maka su. Muryar ce take guduna. Jiya na nemi yadda yake dariya, na nema na nema na rasa." Sai ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba. "Kai kana tunawa?"

Na tuna hularsa, na tuna ƙarar kekensa na ɗinki, na tuna yadda yake riƙe allura a baki. Dariyar ban same ta ba. Amma na ce, "Ina tunawa, Inna."

"To yi min."

Na buɗe baki, ban san ta inda zan fara ba. Ta tsayar da hannunta cikin shinkafar tana jirana, ta daɗe tana jira.